Shin An Koya Mana Jinyar Wanda Ba Zai Tashi Ba?

Tsohuwar Sista:

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki. Akwai wata magana da ta daɗe tsaye a raina, kuma ina so mu tattauna ta a nan, inda malamai da ɗalibai da masu aikin dare duk suke.

Ina shekara ta biyu da fara aiki aka kwantar mana da wani dattijo da ciwon daji ya bazu har ƙashin bayansa. Likita ya rubuta masa mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ya ce a ba shi idan da buƙata. Wani dare ni kaɗai ce a kan aiki, makullin akwatin magungunan yana cikin aljihuna. Dattijon nan bai yi ihu ba, sai dai ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, yana cizon gefen matashin kai, gumi ya jiƙe masa riga. Na tsaya a kansa, na ga yadda ya rame, sai tsoro ya kama ni cewa idan na ba shi mofin numfashinsa zai tsaya, gari ya waye a ce ni na kashe shi. Na ba shi farasitamol, na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri." Bayan kwana biyu ya rasu. Matarsa ta riƙe hannuna tana yi mini godiya saboda na kula da shi, kuma har yau wannan godiyar tana sukata, domin na san abin da yake cikin aljihuna a wancan dare.

A makaranta an koya mana karɓar haihuwa, wanke rauni, ɗaura ƙarin ruwa, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Abin da na tuna an koya mana game da mutuwa shi ne yadda ake kimtsa gawa da cike takarda. Kwanakin da suke tsakanin ranar da likita ya ce magani ya daina aiki da ranar da za a cike waccan takarda, babu wanda ya ce mana komai a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne suke buƙatar jinyar sassauta raɗaɗi, wato kulawar da ake yi don rage wahalar masu cutar da ke barazana ga rai, a kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. Tambayata ita ce, ma'aikaciyar jinyar da ake yayewa yau ta fi ni shiri a wancan dare? Idan ba ta fi ni ba, me ya kamata a fara koya mata?

Malamin Jinya:

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya jiƙan dattijon, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan gaskiya da kika faɗa, wadda da yawa daga cikinmu suke da irinta amma ba sa iya furtawa.

Zan ɗan kare makarantu, ko da yake kariyar ba mai nisa ba ce. Abubuwa sun motsa. A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 67.19, wanda ya nemi ƙasashe su shigar da jinyar sassauta raɗaɗi cikin tsarin lafiyarsu, ya kuma kasa horon gida uku: na tushe ga kowane ɗalibin likitanci da na jinya, na tsakiya ga masu yawan hulɗa da masu cutar da ke barazana ga rai, sai na ƙwararru. Don haka yanzu a manhajoji da dama akwai darasin. Inda nake ganin matsalar shi ne, darasin yakan zo a ƙarshen zangon karatu, a yi shi cikin sa'o'i kaɗan a gaban allo, a kawo tambaya ɗaya ko biyu a jarrabawa. Ɗaliba za ta iya rubuta ma'anar jinyar sassauci ba tare da kuskure ba, ta ci maki, alhali ba ta taɓa zama minti goma a gefen wanda yake gargara ba. Idan ma an tura ɗalibai ɗakin marasa lafiya, da zarar an ga wani ya kusa cikawa sai a ja labule a ce su koma gefe, ana ganin tausaya musu ake yi.

Sabuwar Nas:

Malam, abin da ka faɗa haka yake. Wata takwas ke nan da fara aikina, kuma ina iya karanto muku matakai uku na maganin ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986, daga farasitamol da danginsa, zuwa irin su kodin, zuwa mofin. Amma tsoron da Sista ta kwatanta yana nan tare da ni. Ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla, shin mofin yana gaggauta mutuwa ko ba ya yi?

Likitan Sashen Ciwon Daji:

Ƙanwata, tambayarki ita ce ta farko da ya kamata a amsa wa kowace ma'aikaciyar jinya kafin a miƙa mata makulli. Mofin da aka fara da ƙaramin awo, aka riƙa ƙarawa a hankali gwargwadon ciwon mara lafiya, ba ya gaggauta mutuwa. Haɗarin danne numfashi gaskiya ne, amma yana zuwa ne idan aka ba wanda bai saba ba awo mai yawa a lokaci ɗaya, ko aka haɗa shi da wasu magungunan sa barci ba tare da lura ba, ko kuma ƙodar mara lafiya ta gaza har maganin ya taru a jikinsa. Kuma yana da alamar da take riga shi zuwa, wato barci mai nauyi da wuyar tashi. Wadda ta san wannan za ta riƙa duba ko mara lafiya yana farkawa idan an kira shi, ta ƙirga numfashinsa, ta kuma san inda naloksan yake, wato maganin da yake warware aikin mofin.

Kuskuren da ya faru a labarin Sista ya fara ne daga alƙalamin likita, ya kamata mu amsa wannan. Ciwon daji da ba ya tafiya ba a rubuta masa magani "idan da buƙata". Mofin na sha yana aiki kimanin sa'o'i 4, saboda haka ana ba da shi ne kowane sa'o'i 4 bisa agogo, kafin ciwon ya dawo, sannan a tanadi ƙari don ciwon da yake ɓallowa a tsakani. Wannan ƙarin yawanci kashi ɗaya ne cikin shida na jimillar awon yini guda. Misali, wanda yake shan miligiram 10 sau shida yana shan 60 a yini, ƙarinsa kuma 10 ne. Idan ya nemi ƙarin sau da yawa a yini, alama ce cewa awonsa ya yi kaɗan, kuma nas ce za ta fara ganin haka tun kafin likita ya zo zagaye. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan lafa bayan 'yan kwanaki. Taurin bayan gida shi ne ba ya lafawa, shi ya sa duk wanda aka ɗora a kan mofin dole a haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Na sha ganin mara lafiya da ciwonsa ya kwanta amma ya yi kwana shida bai yi bayan gida ba, ya ruɗe, 'yan uwa suna cewa cutar ce ta taɓa masa kai, alhali babu wanda ya yi masa wannan tambaya mai sauƙi.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Ina neman afuwa, amma ina ganin mun fara gini daga sama. Ko kun horar da nas ta zama gwana, me za ta ba mara lafiya idan akwatin babu komai? Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet da ya yi nazari kan wannan batu ya fitar da rahoto a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta ɗora wa gwamnatoci abu biyu, su hana a karkatar da maganin, su kuma tabbatar da samuwarsa ga marasa lafiya, amma ƙasashe da yawa na farkon kaɗai suka riƙe. A ganina a fara gyara doka da hanyar sayo magani, horo ya biyo baya. Horar da mutum kan abin da ba zai taɓa riƙewa ba ƙara masa takaici ne kawai.

Tsohuwar Sista:

Malam mai magani, ban ƙi maganarka ba, amma ka tuna cewa a labarina maganin yana nan, kuma ya kwana a akwati. Ku da kanku kun san sau nawa mofin yake lalacewa a rumbunku saboda ba a rubuta shi ba, sai a shekara mai zuwa a rage adadin da ake nema, tunda takarda ta nuna ba a yi amfani da na bara ba. Jahilcinmu yana haifar da ƙarancin da kake kuka da shi.

Nas Mai Ziyarar Gida:

Ku ba ni dama in shiga tsakani da misalin Yuganda, domin can an ɗauki abubuwan biyu tare. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar jinyar sassauci mai suna Hospice Africa Uganda, aka fara haɗa mofin na ruwa daga gari, ana sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa don kada a rikita. Da aka ga cewa likitoci sun yi kaɗan, kuma yawancin marasa lafiya suna kwance ne a gidajensu nesa da asibiti, sai a 2004 gwamnati ta sauya doka ta ba ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman, na tsawon wata tara, izinin rubuta mofin da kansu. Da an sauya dokar ba tare da horon ba, da babu wanda zai yarda ya rubuta. Da an yi horon ba tare da dokar ba, da maganar mai harhaɗa magunguna ta tabbata.

Sai dai ina so in ja hankalinmu kada muhawarar ta ƙare a kan mofin. A aikina na ziyarar gida, abubuwan da suke sauya wa mara lafiya kwanansa yawancinsu ba sa buƙatar makulli. Akwai wata baiwar Allah da ciwon nono ya fashe mata, warin ya kai 'ya'yanta suna tsayawa daga bakin ƙofa su gaishe ta, ita kuma ta juya fuska ga bango ta daina magana. Na wanke gyambon, na niƙa ƙwayar metronidazol, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo warin, na barbaɗa a kai, na nuna wa babbar 'yarta yadda za ta riƙa yi kullum. Da na koma bayan kwana uku, na tarar da jikarta a zaune a kan gadon tana tsefe mata kai. Wannan dabara a wurin wata tsohuwar nas na koye ta, ba a aji ba. Haka kula da baki: mutum yana numfashi da baki a buɗe, harshe ya bushe ya tsage, ga farin ƙurji ya rufe shi, ana ta rigima a kan ƙarin ruwa alhali abin da yake damunsa shi ne a jiƙa masa leɓe a goge masa baki. Haka juya shi a kan lokaci don kada gyambon kwanciya ya kama ƙugu da diddige. Haka sanin cewa idan ya kasa haɗiya, ana iya ba da yawancin magungunan ta ƙarƙashin fata, ba sai an yi ta huda shi ana neman jijiyar da ta riga ta ɓuya ba.

Ɗan Marigayiya:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanwata ce nas, ita ta nuna mini wannan tattaunawa, kuma ina roƙon ku saurare ni. Mahaifiyarmu ta yi mako uku a asibiti kafin ta rasu. Ba zan ce an bar ta cikin ciwo ba, an kula da wannan. Abin da ban yafe ba har yanzu shi ne babu wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana cewa tafiya take yi. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ana iya ƙoƙari, ku ci gaba da addu'a." A daren ƙarshe numfashinta ya sauya, ta yi ta ja da ƙarfi sannan ta yi shiru har mu ɗauka ta cika, sai kuma ta dawo, ga wani kakari a maƙogwaronta. Na ruga na kira nas, ta zo ta duba ƙarin ruwa, ta gyara shi, ta fita ba ta ce uffan ba. Yayanmu yana wani gari, da an faɗa mana ko da kwana biyu kafin nan da ya iso. Ni kuma na shafe shekara ina ganin kamar shaƙewa ta yi a gabana ban iya yi mata komai ba.

Tsohuwar Sista:

Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Ɗana, bari in faɗa maka abin da ya kamata a faɗa maka a wancan dare. Numfashin da yake hawa ya sauka ya tsaya sannan ya dawo sananne ne a sa'o'in ƙarshe, yana zuwa ne idan sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa numfashi ya yi rauni. Kakarin kuma yawu ne da majina da suka taru saboda ta daina iya haɗiyewa, iska tana bi ta cikinsu. A wannan mataki mara lafiya yawanci ya yi nisa cikin suma, kuma sautin ya fi damun na zaune a kan na kwance. Abin da ake yi shi ne a juya ta ta kwanta a gefe, a goge bakin, wani lokaci a ba da maganin rage yawu, sannan a ja kujera a yi wa iyali bayani. Ba ka gaza mata ba.

Ita kuwa waccan nas, ba na jin rashin imani ne ya fitar da ita. Na san wannan fitar, na yi irinta. Ta gyara ƙarin ruwan ne domin shi kaɗai ne abin da aka koya mata yi da hannunta, kuma ba ta da kalmar da za ta faɗa.

Ɗan Marigayiya:

Na gode, Mama. Shekara huɗu ke nan, yau ne aka fara yi mini wannan bayani.

Sabuwar Nas:

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi mofin ba ni tsoro. Makon jiya ina gyara wa wani mutum zanin gado, sai ya kama hannuna ya ce, "'Yata, mutuwa zan yi ko?" Na ce masa, "Haba Baba, daina faɗin haka, za ka warke," na yi sauri na fita. Na san ba gaskiya na faɗa ba. Amma kuma 'ya'yansa sun riga sun roƙe mu kada a faɗa masa, kuma ai ba aikina ba ne sanar da shi, aikin likita ne. Me ya kamata in ce?

Likitan Sashen Ciwon Daji:

Gaskiya ne cewa bayyana sakamakon gwaji da abin da ake hasashe nauyin likita ne, kuma ba zan so nas ta ɗauke shi ita kaɗai ba tare da mun yi shawara ba. Amma irin wannan tambaya ba a yi mana ita a lokacin zagaye, muna tsaye mu biyar a kan mutum. Ku ake yi wa, da tsakar dare.

Malamin Jinya:

'Yata, tsakanin yin ƙarya da yanke wa mutum hukunci akwai fili mai faɗi, kuma cikinsa ne aikinki yake. Da farko ki zauna, domin wanda yake tsaye yana nuna cewa tafiya zai yi. Sannan ki mayar masa da tambayar cikin ladabi: "Baba, me ka ji a jikinka da ya sa ka yi wannan tambaya?" ko "Me ya fi damunka idan ka yi wannan tunani?" Sai ki yi shiru, ki jure shirun. Sau da yawa za ki tarar ya riga ya sani, kuma abin da yake so ya faɗa wani ne daban: akwai bashin da yake so a biya, ko ɗan da suka yi shekaru ba sa magana, ko tsoron cewa zai mutu cikin azaba, ko shi kaɗai. Wannan na ƙarshe kina da amsarsa ta gaskiya, za ki iya ce masa za a kula da ciwonsa kuma ba za a bar shi ba. Idan ya nemi sanin haƙiƙanin cutarsa, ki ce za ki kira likita ku zauna tare, kuma ki cika alkawarin.

Game da 'ya'yansa, kada ki ɗauke su abokan gaba. Ƙauna ce ta sa su, suna tsoron kada labarin ya karya masa zuciya. Ana zama da su ne a tambaye su me suke tsoro, a yi musu alkawarin ba za a ɗora masa abin da bai nema ba, a kuma nuna musu cewa idan ya tambaya kai tsaye ba za a yi masa ƙarya ba. Yawancin lokaci kowane ɓangare ya sani, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa, sai a yi asarar kwanakin da za a yi bankwana da neman gafara.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar ƙarshe na St Christopher's a Landan a 1967, nas ce tun farko, ciwon baya ya raba ta da aikin, ta koma aikin kula da jin daɗin jama'a, daga baya ta zama likita. Daga sauraron marasa lafiya ta fito da abin da ta kira ciwo gaba ɗaya, wato raɗaɗin jiki yana cuɗanye da na zuciya, da na iyali da abin hannu, da na ruhi, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa zafi. Mutumin da ake ta ƙara masa awo ciwon bai kwanta ba, wani lokaci abin da yake hana shi barci tunanin wanda zai riƙe masa yara ne. Irin wannan zance ana koyonsa kamar yadda ake koyon allura: a yi gwaji a aji, wani ya zama mara lafiya wani ya zama nas, a yi kuskure, a gyara, a sake.

Shugabar Sashe:

Na karanta duka, kuma ina so in kawo abin da mai riƙe da jadawalin aiki yake gani. Nas ɗaya a kan gado talatin da dare ba za ta ja kujera ta zauna ba, ko ta fi kowa iya magana. Shi ya sa nake ganin mafita ita ce takarda guda mai jerin abubuwan dubawa ga duk wanda aka ga ya shiga kwanakin ƙarshe: ciwo, baki, fata, numfashi, an sanar da iyali ko ba a sanar ba. Ko sabuwa ce za ta bi ta cike, ba sai an jira horon da ba a san ranar zuwansa ba.

Malamin Jinya:

Hajiya, a nan zan saɓa miki da ƙarfi, domin an gwada wannan a Ingila. Tsarin da ake kira Liverpool Care Pathway an ƙirƙire shi a ƙarshen shekarun 1990 da kyakkyawar niyya, don a kai irin kulawar gidajen jinyar ƙarshe zuwa manyan asibitoci. Inda ƙwararru suka yi aiki da shi ya yi amfani. Da ya bazu zuwa hannun waɗanda ba a horar ba, sai ya koma cike gurbi a takarda. Iyalai suka yi ta kuka cewa an ɗora 'yan uwansu a kai ba a faɗa musu ba, wasu kuma an hana su ko kurɓin ruwa alhali suna nema. Kwamitin da Julia Neuberger ta jagoranta ya ba da rahoto a 2013, aka janye tsarin. Takardar ba ta iya gane cewa wannan mara lafiya ya fara farfaɗowa, a sake duba shi. Mai riƙe da ita ce za ta gane, idan an koya mata.

Shugabar Sashe:

Na karɓi gyaran, Malam, amma ban janye gaba ɗaya ba. Takarda tare da horo, na yarda. Sai dai ku masu koyarwa ku daina kawo mana bita ta kwana uku a ɗakin taro, a raba takardar shaida, kowa ya koma yadda yake. Na tura ma'aikata irin wannan sau da dama, kuma ban ga bambanci a bakin gado ba, sai a wurin waɗanda suka dawo suka tarar da wata babba da take yi a gabansu. Abin da nake so shi ne mutum biyu a kowane sashe da aka horar sosai, ɗaya da rana ɗaya da dare, su riƙa jan sauran.

Nas Mai Ziyarar Gida:

Wannan shi ne tunanin shirin ELNEC na koyar da ma'aikatan jinya kulawar ƙarshen rayuwa, wanda aka fara a Amurka a shekarar 2000, a horar da masu horarwa su koma wuraren aikinsu su koyar, kuma ya kai ƙasashe da yawa. Ina kuma so a gyara wata fahimta tun a aji, cewa jinyar sassauci sai an fid da rai ake kiranta. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Boston kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu jinyar sassauci tun farkon gano cutar, tare da maganin dajin, sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya yi musu sauƙi, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa wata 8.9. Idan nas ta ɗauka cewa kiranmu, mu masu jinyar sassauci, sanarwar mutuwa ce, ba za ta kira mu ba sai saura kwana biyu. Ba masu ciwon daji kaɗai ba ne kuma, akwai masu gazawar zuciya da ƙoda, da ciwon huhu mai tsanani, da tsofaffi masu ciwon mantuwa waɗanda ba za su iya cewa "ina jin ciwo" ba, sai dai a karanta a yamutsewar fuska da nishi da yadda suke ture hannun mai juya su. Tambayar "daga sifili zuwa goma, nawa ne ciwonka" ba ta aiki a kansu, kuma yara ƙanana ma haka.

Tsohuwar Sista:

Akwai abu ɗaya da ba mu taɓo ba, kuma ina ganin yana cikin ƙwarewa. A rana guda za ki rufe wa mutum ido, ki wanke hannu, ki wuce gado na gaba ki yi murmushi. Babu wanda yake tambayarki yaya kika ji. Bayan shekaru sai zuciya ta yi kanta, nas ta fara kiran mutane da lambar gado, a ce ba ta da tausayi, alhali gajiya ce da ba a taɓa sauke mata ba. A shekaruna na ƙarshe a aiki na sa doka a sashena cewa duk ranar da aka yi rasuwa, lokacin miƙa aiki za mu tsaya minti biyar, mu ambaci sunan mamacin, kowa ya faɗi abin da ya tafi daidai da abin da zai so a ce an yi dabam. A nan ƙananan suka fara yin tambayoyin da suke jin kunyar yi, kuma a nan na fara ba da labarin dattijon nan.

Hajiya Shugaba, idan za ki zaɓi mutum biyun nan, ina ba da shawara kada ki auna su da takardar shaida. Ki tsaya ki ga yadda take tambayar ciwo da ko tana komawa bayan ta ba da magani ta duba ya yi aiki, ki sa ta lissafa ƙarin awo a gabanki, ki kuma saurari yadda za ta yi wa iyali bayanin kakari.

Sabuwar Nas:

Na dawo daga aikin dare yanzu. Baban nan yana nan, ya ƙara rauni. Bayan na gama raba magani na koma wurinsa, na ja kujera na zauna, na ce masa ranar nan ya yi mini tambaya na gudu, kuma na dawo in ji abin da yake ransa. Ya daɗe bai ce komai ba, har na fara tunanin tashi. Sai ya ce ya san jikinsa, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa, abin da yake so shi ne a kira masa ƙaninsa, akwai maganar da ke tsakaninsu. Ya kuma ce kwana biyar ke nan bai yi bayan gida ba, yana jin nauyin faɗa wa mace. Na rubuta duka biyun, na faɗa wa likita da safe, an rubuta masa magani, babban ɗansa kuma ya ce zai kira kawun nasu yau.

Malam, 'ya'yan sun ce suna so su gan ni tare da likita gobe da yamma, kuma ban taɓa zama irin wannan ba. Da wace magana ake buɗewa?

Malamin Jinya:

Ku sami ɗaki mai ƙofa, kowa ya zauna, ki tabbatar akwai wanda zai riƙe miki sashen na rabin sa'a. Ku fara da tambayarsu abin da suka fahimta game da jikin mahaifinsu da abin da suka lura da shi a wannan mako, ku bar su su gama kafin likita ya ce komai. Kafin nan kuma ki koma wurin Baba ki nemi izininsa, ki tambaye shi ko yana so a yi zaman a gabansa, da abin da ya yarda ki faɗa musu daga maganar da kuka yi.